Kafinta Muke Kira, Alhali Aikin na Maƙerin Kwano Ne

Idan rufi ya fara yoyo, kowa ya san wanda za a aika a kira: kafinta. Shi ya kafa katakon, shi ya buga kwanon, don haka shi zai hau ya nemo inda ruwa ke shiga. Zai hau da guduma da ƙusa da gwangwanin kwalta, ya shafe kan duk ƙusar da idonsa ya gani, ya sauko a sallame shi. Da damina ta zagayo ruwan ya dawo, ko a daidai wurin, ko taku biyu gaba. A ganina tun daga sunan da muka kira mutumin nan muka fara kuskure. Rufin kwano aiki biyu ne a haɗe, na itace da na ƙarfe. Na itacen yana da suna, yana da masu koyar da shi. Na ƙarfen kuwa mun cusa shi cikin kalmar "kafinta", ya ɓace a ciki, har ba wanda ke jin cewa sana'a ce mai zaman kanta da ake zama a koya.

Hausa ba ta rasa kalmomin aikin ƙarfe ba. Akwai maƙeri, kuma tun da can an raba maƙera gida biyu: na baƙi masu aikin baƙin ƙarfe da wuta da zugazugi, da na fari masu aikin azurfa da tagulla da dalma. Akwai mai walda, wanda ke haɗa ƙarfe da ƙarfe ta hanyar narkarwa. Akwai tinka, mai yanka fallen ƙarfe da almakashi ya lanƙwasa ya yi bokiti da mazurari da akwati. Kalmar "kwano" kanta ta isa ta nuna mana hanya, domin suna ɗaya muke kiran kwanon zuba abu da kwanon rufi. Wanda ya fara aron sunan ya dubi fallen nan ya ga ɗan'uwan kwanon da ya sani ne, siririn ƙarfe mai ƙara idan an ƙwanƙwasa. Harshe ya gane cewa kayan na dangin tinka ne. Sai dai da aka zo ɗora shi bisa gini, wanda aka tarar a saman da guduma a hannu shi ne mai katako, aikin ya zama nasa, sunan ma ya bi shi.

Ba mu kaɗai kalma ta zame wa ba. Kalmar da Turawan Ingila ke kiran mai gyaran famfo da ita, plumber, ta fito ne daga plumbum, sunan dalma da Latin, wanda daga gare shi aka samo alamar Pb ta ilimin sinadarai. Asalin mai wannan suna shi ne mai aikin dalma, har da shimfiɗa ta a kan rufin manyan gine-gine da yin magudanan ruwa, amma yau idan ka ambace shi bututu da bayan gida kawai ke zuwa wa mutane a rai. Jamusawa ma haka abin ya same su. Sana'a ɗaya ce ta fallen ƙarfe, amma a arewa ana cewa Klempner, a kudu da Ostiriya da Suwizalan ana cewa Spengler, wasu yankunan kuma Flaschner, daga kalmar kwalba, saboda gorunan ƙarfe da suke ƙerawa a da. A bakin mutumin titi Klempner ya koma mai gyaran famfo, amma a tsarin koyon sana'a na ƙasar har yanzu sunan mai aikin fallen ƙarfe ne na rufi da bango da magudana. Bambancinmu da su ke nan: kalmarsu ta zame a hira, sana'ar ta tsaya da sunanta a wajen koyo da jarrabawa. Faransawa sun fi kowa fayyace abin, suna haɗa kalma biyu su ce couvreur-zingueur, mai rufi kuma mai aikin tutiya. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa gwanintar masu rufin tutiya na birnin Paris cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Shi kwanon mai tudu da kwari ba wani tsohon abu ba ne. Henry Robinson Palmer, injiniyan tashar jiragen ruwa ta Landan, shi ya yi masa rajista a 1829, sannan a 1837 Bafaranshe Stanislas Sorel ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, wato zinki, don kada ya yi tsatsa. Waɗannan dabaru biyu su ne kwanon rufi. Lanƙwasar tana ba shi ƙarfi, tutiyar tana ba shi kwana. Duk wanda bai fahimci su biyun ba zai lalata ɗaya daga ciki kafin ya sauko daga tsani.

A fara da tutiyar. Ana tsoma ƙarfen a tukunyar da zafinta ya kai wajen digiri 450, ya fito da siririyar riga. A kwano mai kyau, irin wanda ake yi wa lamba Z275, giram 275 ne na tutiya a kowace murabba'in mita idan an haɗa fuska biyu, wato kaurin rigar a kowace fuska bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na milimita ba. Wannan ɗan abin shi ne duka garkuwar. Aikinsa kuma na sadaukarwa ne: idan an ƙarce kwanon, tutiyar da ke gefen ƙarcen ce ke cinyewa a madadin ƙarfen. Mai aikin ƙarfe ya san haka, shi ya sa yake yanka kwano da almakashi. Mai katako kuwa hannunsa ya saba da zarto, idan ya samu injin gurza mai faifai sai ya ga ya huta. Faifan yana ƙona rigar a bakin yankan, tartsatsin kuma ƙananan gutsattsarin ƙarfe ne masu zafi da ke faɗawa kan kwanon su manne. Bayan ruwan farko sai a ga rufin ya yi jajayen ɗige-ɗige kamar an yayyafa masa, mai gida ya ce an sayar masa da jabun kaya. An bar jaki ana dukan taiki. Haka garin ƙarfen da ke zuba idan an huda kwano: in ba a share shi a ranar ba, shi zai fara tsatsar. Har fensirin da kafinta ke maƙalawa a kunne yana da laifi, domin baƙin da ke cikinsa yana cin rigar idan danshi ya same shi, layin da aka ja ya zama layin tsatsa. Da alli ko alƙalamin maka ake yin alama a kan kwano.

Tun kafin a hau sama ma ana yin ɓarna. Bandir ɗin kwano da aka ajiye a ƙasa ruwa ya shiga tsakanin fallayensa yakan yi wani farin gari cikin 'yan kwanaki. Tutiya tana bukatar iska kafin ta yi wa kanta fatar da ke kare ta, a matse cikin danshi kuwa sai ta ruɓe. Ana ɗora bandir bisa katako, gefe ɗaya ya fi tudu, a rufe sama a bar iska ta ratsa. Idan ya riga ya jiƙe a rarraba fallayen su bushe.

Sai maganar da kusan ba a taɓa yi a wajen gini, wato gabar da ke tsakanin ƙarafa. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu, ga kuma ruwa a tsakani, ɗaya yana cin ɗaya. Tagulla tana cin tutiya da alminiyam, kuma ba sai sun taɓa juna ba, ruwan da ya bi ta kan tagulla ya ɗiga ya isa. Shi ya sa ake ganin doguwar tsatsa a kwanon da bututun na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga a kansa. Ƙusar baƙin ƙarfe a kwanon alminiyam tana sa bakin hujin ya riƙa cinyewa yana faɗaɗa, har wata rana iska ta zare fallen ta bar ƙusar a tsaye cikin katako. Katakon da aka jiƙa da maganin gara mai sinadarin tagulla shi ma yana cin alminiyam daga ƙasa inda ido ba ya gani, sai an sa leda ko takardar kwalta a tsakani. Ɗanyen siminti yana ƙona alminiyam, yana kuma ƙona kwanon nan mai rigar alminiyam da tutiya a gauraye, wanda kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fito da shi kasuwa a 1972, mai kashi 55 cikin ɗari na alminiyam. Wannan irin kwanon ba ya shiri da dalma, kuma ba ya karɓar liƙin dalma. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da mutum zai koya ta hanyar fere katako, ko da ya shekara talatin yana yi.

Abu na gaba shi ne motsi. Katako yana kumbura da danshi, kafinta ya san wannan sarai. Ƙarfe kuwa da zafi yake miƙewa. Ƙarfen kwano yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya hau da digiri ɗaya, alminiyam kuma ninki biyu na haka. Ɗauki dogon falle na mita 10, mai duhun fenti, wanda da asuba yake digiri 20, da azahar ya kai 70. Na ƙarfe zai miƙe da milimita 6, na alminiyam da milimita 12, da dare kuma su koma. Kullum, shekara da shekaru. Ƙarar nan da ake ji rufi yana yi da rana tsaka ita ce wannan tafiyar. Idan aka ɗaure falle tamau a kowane wuri ba a bar masa hanya ba, sai ya yi wa kansa: ya faɗaɗa hujin ƙusa, ko ya riƙa girgiza ƙusar har ta ɗago. A dogon alminiyam ana fara huda rami da ya ɗan fi notin faɗi, robar da ke ƙarƙashin hular notin ta rufe sauran. Robar nan kuma matse ta ake yi daidai ta zauna. Wanda ya ɗaure har ta baje ta fito gefe ya riga ya kashe ta, rana za ta ƙarasa.

Wannan motsin ne ya sa toshe mahaɗar kwano da bango da siminti ya zama gyaran gangar Auzinawa. Kwano yana tafiya, siminti yana tsaye, dole su rabu, tsagar da ta buɗe kuma tana daidai inda duk ruwan da ya bi bangon yake sauka. Yadda ake yi shi ne a yanko fallen ƙarfe a lanƙwasa shi kamar kusurwa. Ɓangare ɗaya ya hau bango aƙalla milimita 150, a tsaga bangon zurfin kamar milimita 25 a cusa bakinsa ciki, ɗaya ɓangaren ya kwanta bisa kwanon ya haye tudu biyu, bakinsa ya lanƙwaso cikin kwari. Aikin almakashi ne da lanƙwasa da awo. Duk tinkan da ya iya bakin bokiti zai gane shi cikin yini guda.

A nan fa gizo ke saƙa, domin tsakiyar falle ba kasafai take yoyo ba. Ruwa yana shiga ne ta mahaɗa: inda falle ya hau falle, inda gangare biyu suka haɗu suka yi kwari, tsororuwar rufi, gefen bango, gindin bututun da ya huda rufin. A kwanon da aka fi sani, mai tazarar milimita 76 daga tudu zuwa tudu, ana hawar da gefe tudu ɗaya da rabi. Mai son rage yawan fallaye yakan hawar da tudu ɗaya, ya ci ribar falle biyu ko uku a duk rufin, ya bar wa mai gida yoyo a kowane layi. Hawan tsawo kuwa milimita 150 ne a rufi mai gangare sosai, idan gangaren ya kwanta a ƙara zuwa 200 ko 250, kuma dole mahaɗar ta faɗo bisa katako. Dalili shi ne ruwa yana hawa sama idan ya samu matsatsin fili tsakanin fallaye biyu, kamar yadda kananzir ke bin lagwani, iska kuma tana tura shi. Ana fara shimfiɗa daga gefen da iskar ruwa ke nufa, a taho zuwa inda take fitowa, don bakin kowace mahaɗa ya juya mata baya. A can sama, ƙarƙashin kwanon da ake kifawa a tsororuwa, ana ɗaga bakin kowane kwari da filaya ya zama ɗan shinge, in ba haka ba iska ta koro ruwa ya haura ya zuba kan silin. Ƙusa a kan tudu ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma a baki da kusurwoyin rufi ake ƙara yawanta, tudu ɗaya a tsallake ɗaya, domin a nan iska ta fi ɗagawa.

Kwarin rufi da magudana su suka fi tona asirin wanda bai san lissafin ruwa ba. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50 cikin awa guda, ya tara lita 5,000, duro 25 ke nan na lita 200. Duk wannan ta kwari da magudana da indararo zai fita. Amma sau da yawa abin da ake sa wa a kwarin ragowar kwano ne da aka buge da guduma ya baje, faɗinsa bai kai ba, gefensa ba a naɗe ba. Fallen kwari yana son faɗin milimita 400 zuwa 450, a naɗe bakinsa na dama da na hagu sama don ruwan da ya yi gudu ya tsallaka ya dawo, a bar fili kamar milimita 100 zuwa 150 tsakanin bakin kwanukan biyu don ganye ya wuce, na sama kuma ya hau kan na ƙasa a kowace mahaɗa. Magudana tana son gangare, ko da milimita 2 zuwa 5 ne a kowace mita, saboda ruwan da ya kwana a ƙarfe shi ke huda shi. Mafi haɗari ita ce magudanar da aka ɓoye bayan katangar da ta zagaye rufi don kwalliya. Idan leda ɗaya ta toshe bakin bututun, ruwan ba shi da wajen zuwa sai cikin ɗaki. Irin wannan tana bukatar ƙofa ta biyu a ɗan sama da ta farko, wadda za ta zubar waje idan ta farkon ta toshe. Yadda ake haɗa gaɓoɓinta ma ya danganta da irin ƙarfen: mai rigar tutiya zalla ana liƙe shi da haɗin kuza da dalma bayan an goge an shafa ruwan liƙi, mai fenti ko mai gaurayen alminiyam kuwa sai ribiti, wato 'yar ƙusar da ake matsewa ta haɗa falle biyu, da silikon, shi ma ba mai warin tsami ba, don tsamin yana cin rigar.

Na san abin da za a ce. Na farko, suna ba ya toshe yoyo, kuma akwai kafintocin da suka iya duk abin da na lissafa. Gaskiya ne akwai su, amma a karan kansu suka tsinta, bayan sun ɓata rufi nawa, kuma ba su da wata hanyar nuna wa mai gida cewa sun bambanta da wanda jiya ya fara hawa tsani. Sunansu ɗaya. Wanda ya iya ɗin shi aka fi cuta da wannan kalma. Na biyu, za a ce mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya ɗaukar ma'aikaci biyu a rufi ɗaya ba. Ban ce a ɗauki biyu ba. Mutum ɗaya yana iya zama direba kuma makanike, amma da yake kalmomin biyu ne, mai mota ya san abin da zai tambaya, shi ma ya san abin da yake iƙirari. Na uku, harshe ba ya bin umarni. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba na jin wani zai tashi gobe ya daina cewa a kira kafinta. Sai dai akwai wuraren da kalma ke shiga da gangan: takardar yarjejeniyar gini, allon shago, sunan kwas a makarantar koyon sana'a, takardar shaidar da ake ba yaro idan an yaye shi. "Walda" da "makanike" ma sun zauna daram, ba wanda ya yi musu doka.

Wace kalma ke nan? "Mai rufi" ta yi faɗi, ta haɗa mai ciyawa da mai zuba kankare da mai kwano. "Mai walda" kuskure ne har da haɗari, domin kwano ba a yi masa walda: siriri ne yana hujewa, rigar tana ƙonewa, farin hayaƙin tutiyar kuma yana sa wanda ya shaƙa zazzaɓi da ciwon jiki a daren. "Tinka" ita ta fi kusa da ainihin gwanintar, hannu ɗaya ne da kayan aiki ɗaya, amma ta riga ta zauna a kan mai bokiti da murhu, kuma da wuya mai ginin bene ya yarda ya ce tinka ya ba wa rufinsa, ko da yake wannan raini ne marar dalili. Ni "maƙerin kwano" na zaɓa. Za a ce maƙeri sai da wuta, amma maƙeran fari sun daɗe suna aikin bugu da lanƙwasa da liƙi, ba a hana su sunan ba, kuma yau muna cewa an ƙera mota, an ƙera jirgi, ba mai tambayar ina zugazugin. Kalmar tana faɗa wa mai gida cewa ƙarfe ne a saman kansa, tana kuma faɗa wa yaron da ke koyo cewa bayan guduma akwai almakashi na dama da na hagu, da filayar lanƙwasa, da abin ɗaura ribiti, da ma'aunin kauri.

Ma'aunin kaurin nan shi kaɗai ya isa a raba sunan saboda shi. Lambar geji, wadda ake faɗin kaurin kwano da ita, tana tafiya ne a juye, mafi girman lamba shi ne mafi siriri, don haka geji 32 bai kai geji 28 kauri ba, kuma masu saye da yawa suna ɗauka akasin haka. A kwano mai fenti kuma akwai kaurin ƙarfen tsura, akwai kaurin da aka haɗa da riga da fenti, bambancinsu yakan kai milimita 0.05, wanda a fallen 0.45 ya fi kashi goma cikin ɗari. Kaurin ne ke faɗin tazarar da za a ba katakon da ke ƙarƙashi: siririn falle a kan tazara mai faɗi yana lotsawa da an taka shi, lotsawar ta riƙe ruwa, ruwan ya ci rigar. Wato kafin kafinta ya buga katakon tubaitu na farko, sai an riga an san kwanon da zai hau kai, an sa masa ma'auni a baki an karanta, ba a tsaya ga abin da aka rubuta a jikin bandir ba.